Shin zunubi ne ayi dariya a gidan Allah? Amsa ga 'yata mai dirama

Salama 'yata. Naga sakonki tun ran Litinin, abinda yasa ban amsa da wuri ba bana son in baki amsar tsaye-tsaye ne, tambayar tafi karfin layi biyu. Bari in maimaita ta a takaice saboda sauran masu karantawa. Kince ke ce ke jan diramar matasa a majami'arku, ran Lahadi kunyi wasa akan mutumin da kullum barci ke sace shi lokacin wa'azi, jama'a sukayi ta dariya har wasu na share hawaye, da aka tashi sujada sai wani dattijo ya jaki gefe yace gidan Allah ba dandali bane, kuma in kin isa ki nuna masa aya daya tak inda Yesu yayi dariya. Kin koma gida jikinki duk a sanyaye kina tambaya ko zunubi kukayi.

Nafi shekara 20 ina koyar da Tsohon Alkawari da dan Ibraniyanci ga daliban makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma kusan duk aji sai wannan magana ta taso ta wata kofa. Amsata a dunkule itace dariya a kanta ba zunubi bace, kuma Littafi Mai Tsarki cike yake da ita. Amma kafin kije kice kin kada baba, ki sani a abu daya gaskiya ya fada. Ki karanta Matiyu da Markus da Luka da Yohanna daga farko zuwa karshe bazaki sami inda aka rubuta wai Yesu yayi dariya ba, amma zaki sami inda yayi hawaye a kabarin Li'azaru, da inda yayi kuka akan Urushalima. Kuma ba baba ne ya fara lura da wannan ba, Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin nan da ya rasu a shekara ta 407, ya fadi haka a wa'azinsa, Benedik ma da ya rubuta wa masu zaman zuhudu ka'idojin zama a karni na 6 ya gargade su akan yawan dariya da maganar da ke jawo ta. Kenan dattijonku yana da magabata, ba daga iska ya dauko ba. Inda na rabu da su shine rashin rubuta abu baya nuna ba'a yi shi ba. Luka 10:21 tace Yesu yayi farin ciki matuka cikin Ruhu, ana rububin kawo masa yara kanana har almajirai na kora, kuma duk wanda ya taba rike makarantar Lahadi ya san yaro baya zuwa wajen mai daure fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, ai yara sunfi kowa iya wannan karatun.

Ni a ganina matsalar daga yadda muke karatu ne. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma muna da wata murya ta musamman da muke sawa in an kira mu karatun nassi, murya daya ce ko Makoki ake karantawa ko labarin bikin aure, a ja kalma a hankali, fuska ba motsi. Ga shi da yawanmu Hausa ba itace harshen da muka sha a nono ba, Tarok ne ko Angas ko Bajju ko Babur ko Tangale, mutum na fama kada ya yi tuntube a sunan Nebukadnezzar ina zai ji zolayar da ke cikin labarin. Sannan ga yanka nassi aya-aya. Wadanda suka rubuta littattafan nan basu sa lambobi ba fa, surori sai a karni na 13 aka raba su, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai Bafaranshe ne ya sa musu lamba a 1551. Lambobin suna da amfani wajen nema, amma ki dauki tatsuniyar gizo ki karanta layi daya yau ki rufe, mako mai zuwa ki karanta wani layin daga tsakiya, wa zai yi dariya? Labarun nan an rubuta su ne don a karanta da karfi a gaban taro a ji su daga kai har wutsiya.

To mu fara daga Farawa. Abinda zan kawo da bakina nake fada, ki bude ki duba da kanki. A sura 17 Allah yace wa Ibrahim matarsa Saratu zata haifa masa da, mutumin da muke kira uban masu bangaskiya ya fadi rubda ciki, kuma me yayi a kasan? Dariya. Yana cewa a ransa dan shekara 100 zai haihu, Saratu mai shekara 90 zata dauki ciki? A sura 18 baki uku suka zo, Saratu na labe a kofar alfarwa tana saurare kamar yadda iyayenmu mata keyi in anyi baki a zaure, taji maganar, itama ta kyalkyale a cikinta. Ubangiji yace don me Saratu tayi dariya, tsoro ya kamata tace ni banyi dariya ba, yace a'a, kinyi. Shikenan maganar ta kare a nan. Ba'a hukunta ta ba, ba'a janye alkawarin ba. Sai ma Allah da kansa ya rada wa yaron suna Ishaku, a Ibraniyanci Yitzhak, ma'anarsa "yana dariya". Da aka haife shi a sura 21 tsohuwar tace Allah ya sa ni dariya, duk wanda yaji zai taya ni. Kinga dariyar farko ta wadda ta gaji da jira ce har ta fid da rai, ta biyu kuma ta wadda ke rike da jariri a hannu, kuma Allah bai ji kunyar ko daya ba. Duk ranar da baba ya daga hannu a addu'a yace Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, sunan dariya ya ambata a tsakiya. Wannan wurin bana gajiya da koyar da shi, saboda nasha ganin matan da suka dade basu sami haihuwa ba suna jinsa daban da yadda mu maza ke ji.

Daga nan ki wuce Littafin Kidaya sura 22. Balak sarkin Mowab ya dauko Bal'amu da kudi ya zo ya la'anta Isra'ila, mutumin da ake ji da shi wajen gani har hanji, sai ga mala'ika tsaye a hanya da takobi, mai gani bai gani ba jakarsa ta gani. Sau uku tana kaucewa sau uku yana jibgarta, har ta matse masa kafa a jikin katanga. Allah ya bude bakin jaka tace me nayi maka, kuma abinda ke kashe dalibaina da dariya shine Bal'amu bai ko razana ba, ya tsaya yana cacar baki da ita wai kin maida ni abin ba'a da ina da takobi da na kashe ki, tace ba nice jakarka da ka saba hawa ba, na taba yi maka haka? Yace a'a. Jaka ta kada boka a muhawara. Wanda ya rubuta wannan ya san sarai masu ji zasuyi dariya, kuma da dariyar yake koyar da cewa ba'a sayen bakin Allah da kudi. Haka Haruna a Fitowa 32, Musa ya sauko daga dutse ya tarar da gunki yace me kayi, babban mutum da gemunsa yace ai zinariya suka bani na jefa a wuta kawai sai ga dan marakin nan ya fito. Duk uwar da ta taba kama yaro da hannu a tukunyar miya ta san wannan amsar.

Yunusa kam littafin gaba daya haka aka gina shi, sura hudu ne kacal, ki zauna ki karanta shi a zama daya. Ance tafi gabas Nineba, ya gangara Yafa ya biya kudin jirgi zuwa Tarshish can yamma. Hadari ya taso, matukan jirgi arna kowa na kiran abin bautarsa, annabin Allah yana can kasa yana sharar barci har sai da shugaban jirgin ya tashe shi yace tashi kayi addu'a. Da ya isa Nineba wa'azinsa a Ibraniyanci kalma biyar ne, ba ko kiran tuba a ciki, amma gari gaba daya ya tuba tun daga sarki, har shanu da tumaki aka sa su azumi aka daura musu tsummoki. Wane mai bishara ne ba zai yi rawa ba? Shi kuwa fushi yayi, yace wa Allah ai dama na sani, na san kai mai alheri ne mai jinkai shi yasa na gudu, gara in mutu. Ya fita bayan gari ya kafa bukka yana jiran ko wuta zata sauko, Allah ya tsiro masa da shuka tayi masa inuwa yayi murna kwarai, washegari tsutsa ta cinye ta ya sake cewa gara in mutu. Littafin ya kare da tambayar Allah, kai kana tausayin shuka, ni bazan ji tausayin mutum sama da 120,000 ba, ga kuma dabbobi da yawa? Kana cikin yiwa Yunusa dariya sai ka farga ashe kai ne, kai ma kana da naka mutanen Nineba da baka so Allah ya yafe wa. Mu da muke zaune a inda aka zubar da jini tsakanin makwabta, wannan littafin ba wasan yara bane a wurinmu, amma ta hanyar dariya yake shiga, domin da an fada mana kai tsaye da mun toshe kunne.

Esta ma haka, sura 6. Sarki ya kasa barci, Haman babban bafadensa ya yi sammako don ya nemi izinin rataye Mordekai Bayahude, sarki ya tambaye shi me ya kamata ayi wa wanda sarki ke son girmamawa, shi kuma a ransa wa za'a girmama in ba ni ba, ya zayyano rigar sarki da dokin sarki da mai shela, sarki yace madalla, maza jeka kayi wa Mordekai haka kada ka rage ko daya. Karshenta gungumen da ya kafa shi aka rataye shi a kai, in zaka haka ramin mugunta haka shi gajere. Har yau Yahudawa a idin Furim in ana karanta littafin nan a majami'arsu duk inda aka ambaci Haman sai yara da manya su dau ihu da buga kafa don su danne sunan. Mutanen da aka so a shafe su daga doron kasa ne ke wannan fa.

Karin Magana kuwa, wadda wasu juyi ke kira Misalai, ai gida ce ga mai jin Hausa. Rago yace akwai zaki a waje bazan fita ba. Rago na juyi a gado kamar kofa a jikin kyaurenta, ya tsoma hannu a akushi amma kai shi baki ya gagare shi. Mai shiga fadan da ba nasa ba kamar wanda ya kama kare a kunne ne. Sannan 27:14, wanda ya tashi da asussuba ya sa wa makwabcinsa albarka da babbar murya za'a dauka la'ana ce, wannan ina so masu kunna lasifika da karfe 4 na dare a unguwa su karanta. Kuma littafin ne yace zuciya mai farin ciki magani ce mai kyau, karyayyen ruhu kuwa yakan busar da kashi, 17:22.

Yanzu mu zo kan Yesu tunda a nan baba ya tsaya. Kafinta ne fa, ya san katako. Ya tsaya gaban taro yace don me kake duban dan hakin da ke idon dan'uwanka baka ga gungumen da ke naka ba. Ki rufe ido ki hango shi, mutum da azara guda tsaye a ido yana tafe yana buge jama'a da ita, yana cewa dan'uwa tsaya in hure maka ido. Mu mukan ce laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani, shi sai ya zana shi yadda bazaka manta ba. A Matiyu 23:24 yace wa malaman Attaura kuna tace sauro kuna hadiye rakumi. Mutanen Turai sai an nuna musu hoton rakumi, mu kuwa mun san shi a Mai'adua da Agadas da mahautar Kano, ki hango malami ya sa kyalle yana tace ruwansa a tsanake saboda dan kwaro, sannan ya bude baki ya hadiye dogon wuya da tozo da kafafu hudu bai ko kware ba. Masana da yawa na ganin a Aramiyancin da Yesu keyi kalmomin biyu kusan sautinsu daya, sauro "kalma" rakumi "gamla", kenan har wasa da harshe akwai a ciki. Ga rakumi ta kafar allura, ga makaho na yiwa makaho jagora su duka cikin rami, ga mai kunna fitila ya kife ta da kwarya, ga mutumin da ya buga wa abokinsa kofa da tsakar dare wai a ranta masa gurasa uku yayi bako, na ciki na cewa kada ka dame ni yara sun kwanta, amma naci ya tashe shi. Ba mai iya fadin wadannan da fuskar jana'iza a saurare shi yini guda har a manta da abinci.

Kuma ki lura da zargin da akayi masa. A Matiyu 11 shi da bakinsa yace mutanen zamanin kamar yara ne a kasuwa, an busa musu sarewa sunki rawa anyi makoki sunki kuka, Yohanna Mai Baftisma yazo baya ci baya sha sunce yana da aljan, Dan Mutum yazo yana ci yana sha sunce ga mai hadama mashayi abokin masu karbar haraji. Karya sukayi masa, amma ba'a yiwa mai kin jama'a irin wannan kazafin. Alamarsa ta farko a gidan biki yayi ta a Kana, randunan dutse shida, in aka kwatanta da ma'aunin yanzu abinda ke ciki ya kai lita 500 ko fi, wato jarkar 'yan garuwa 20 zuwa sama, don kawai kada ango yaji kunya biki ya watse. Maganar sha wata tambaya ce daban bazan bude ta a nan ba. A Luka 15 tunkiya ta bata aka samu aka kira makwabta, kudi ya bata aka samu aka kira kawaye, da ya bata ya dawo aka yanka kiwataccen maraki, kuma mutum daya tak da yaji kida da rawa yaki shiga shine babban wan, uban ya fito har waje yana lallashinsa. Ina son ki rike wannan, uban bai zage shi ba, ce masa yayi dana kullum kana tare da ni.

Wanda nafi so duka yana Ayyukan Manzanni 12. Bitrus na kurkuku, sarka biyu, sojoji 16 na gadinsa bi da bi, ikilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus ana addu'a ba kakkautawa. Mala'ika ya fito da shi, kofar karfe ta gari ta bude da kanta, ya iso gidan ya kwankwasa. Wata yarinya mai aiki sunanta Roda tazo, taji muryarsa, don tsabar murna ta manta bata bude ba ta ruga ciki tana cewa ga Bitrus a kofa. Masu addu'ar a sake shi sukace kin haukace. Ta nace, sukace to mala'ikansa ne. Shi kuwa bawan Allah yana waje yana ta bugawa, kofar kurkuku ta bude masa ta masu addu'a taki. Ina da yakinin shekara da shekaru in aka taru cin abinci sai an tsokani Roda da wannan, in ba haka ba ta yaya sunan yarinya mai aiki zai kai ga Luka da ya rubuta littafin. Amma ki koma farkon surar, aya ta 2, Hirudus ya kashe Yakubu dan'uwan Yohanna da takobi. Gidan da akayi wannan abin dariya gidan makoki ne, sura daya ta dauki duka biyun. Shi kuma wasanku na mai barci a coci, Luka ya riga ku, Ayyukan Manzanni sura 20, Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare a Taruwasa, fitilu da yawa a dakin, saurayi Aftikos na zaune a taga barci ya kwashe shi ya fado daga hawa na uku, Bulus ya sauka ya rungume shi ya tashi da rai, Bulus ya koma sama ya gutsuttsura gurasa ya cigaba da magana har gari ya waye.

To amma akwai dariyar da Littafi ya hana, kuma anan nake so ku matasa ku bude kunne don baba bai yi kuskure duka ba. Mai Hadishi da yace akwai lokacin kuka da lokacin dariya shine yace dariyar wawa kamar karar kaya ce a karkashin tukunya, kara da yawa ba ta dafa komai. Yesu da yace albarka gare ku masu kuka yanzu zakuyi dariya shine yace kaitonku masu dariya yanzu, yana nufin wadanda suka koshi suna shewa makwabcinsu na kwana da yunwa. Afisawa 5:4 ta hana maganar batsa da zancen wauta da alfasha, kalmar Helenanci ta karshen nan, yutirafeliya, a wajen Aristotil masanin falsafar Helenawa sunan hali mai kyau ne wato iya raha, amma Bulus ya sa ta a jerin fasikanci da kazanta, abinda yake nufi shine irin wayon baki da ke juya kowace magana ta koma kasan cibiya. Karin Magana 26 tace wanda ya cuci makwabcinsa sannan yace ai wasa nake kamar mahaukaci ne mai harba kibau masu wuta, 25:20 kuma tace yiwa mai bakin ciki waka kamar tube masa riga ne ranar sanyi.

Don haka tambayar da nake yiwa kowace dirama itace wa ake yiwa dariya. A nassi mai girman kai ake yiwa, da munafuki, da rago, da annabi mai rowar alheri, da mu kanmu. Bazaki ga inda aka maida gurgu ko makaho ko gwauruwa abin dariya don halittarsu ba, Littafin Firistoci 19:14 ma cewa tayi kada ka zagi kurma ko ka sa wa makaho abin tuntube. Abin na bata min rai kwarai in naga diramar coci an fito da mai i'ina ko mai tabin hankali, ko ana kwaikwayon Hausar wata kabila ko turancin wanda bai je makaranta ba, jama'a na tuntsira dariya alhali mai irin wannan lalurar na zaune a benci na uku ya sunkuyar da kai, mako mai zuwa baka ganshi ba baka san dalili ba. Mu da muke da wasan taubasai da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, mun san ka'idar, wasan barkwanci yana tafiya ne in kowa na da bakin ramawa kuma an tashi ana son juna. Sannan wasu sukan fake da Iliya a Dutsen Karmel, inda yace wa annabawan Ba'al 450 ku daga murya watakila ya zaga ne ko yayi tafiya ko barci yake. Gaskiya ne ya fada, amma annabi ne shi kadai gaban sarkin kasarsa da ya bata jama'arsa, da ransa a hannu. Wannan ba lasisi bane na hawa mumbari ko Facebook ana yiwa addinin makwabta ba'a, a kasarmu irin wannan ya sha cin rayukan wadanda basu ji ba basu gani ba, kuma Bitrus cewa yayi mu bada amsa da tawali'u da bangirma.

Abu na karshe da zan bambanta miki, dariya daban farin ciki daban, ko da yake 'yan gida daya ne. Wasikar Filibiyawa da ke ta maimaita kuyi farin ciki, daga kurkuku aka rubuta ta, kuma mutanen Filibi sun san ba cika baki bane don a garinsu ne aka yiwa Bulus da Sila bulala aka sa kafafunsu a turu, tsakar dare suna waka. Nehemiya 8 jama'a sunji karatun Shari'a suka fashe da kuka, shugabanni sukace kada kuyi kuka ranar nan tsattsarka ce, kuje kuci mai maiko kusha mai zaki ku aika wa wanda bashi da shi, farin cikin Ubangiji shine karfinku. Ki duba fa, saboda ranar tsattsarka ce akace aci a sha. Zabura 126 ta wadanda suka dawo daga bauta ce, bakinmu ya cika da dariya, kuma a cikinta ne ake maganar masu shuka da hawaye. Na zauna da matan zumunta da aka kona musu majami'a da gidaje suna gudun hijira, na gansu da yamma sun dauko tulu da kacau-kacau suna waka suna tsokanar juna akan wadda ta gudo da murfin tukunya ta bar tukunyar, anyi dariya har da rike ciki, can kuma wata ta tuna mijinta aka koma kuka aka rungume ta. Ban ga rashin tsoron Allah a wurin ba ko kadan. Na fadi wannan ne kuma don ki tausaya wa baba, baki san abinda idonsa ya gani ba, akwai dattawanmu da suka binne mutane da yawa, wasu kuma an tarbiyyantar da su cewa natsuwa a sujada itace kadai alamar girmama Allah, kuma kishin gidan Allah ne ya sa shi magana, ba kiyayya ba.

Shawarata kada ki tura masa wannan rubutun a waya, zai zama kamar kin kai kararsa. Ki sami mama shugabar zumunta ko pasto su raka ki gidansa, ki durkusa ki gaishe shi, ki gode masa da ya kira ki gefe bai tsawata miki a gaban jama'a ba don wannan ma mutunci ne. Ki tambaye shi wane bangare ne ya dame shi, mai yiwuwa ba dariyar bace, wata kalma ce ko shigar wani yaro, ko kuwa wasan yazo dab da Jibin Ubangiji, in haka ne yana da gaskiya ku gyara lokaci. Daga yanzu ku rika nuna wa dattawa wasan kafin Lahadi. Sannan ki roke shi ya karanta miki Ayyukan Manzanni 12 da bakinsa daga aya ta 1 zuwa 17, kice kuna so kuyi diramarta ne a wata mai zuwa kuna neman wanda zai duba muku kada ku kauce daga nassi. In ya yarda, ki tambaye shi ko zai fito a Bitrus, aikinsa kawai ya tsaya a bayan kofa yayi ta bugawa. Ki rubuto min yadda kukayi, ki gaida mutan gida.